Flo Hyman, gwanar ƙwallon raga

An haifi Flo Hyman ran 31 ga watan Yuli, shekarar 1954, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. A lokacin nan Nijar tana hannun Faransa, saura shekara shida ta sami mulkin kai. Cikakken sunanta Flora Jean Hyman, amma kowa Flo yake ce mata. A baki, sunan yana fita kamar Fulo Haiman. Baƙar fata ce, cikin baƙaƙen Amurka waɗanda asalin kakanninsu daga Afirka ne.

Ta tashi a wani gari mai suna Ingilwud, wanda ke manne da babban birnin Los Anjelas, ba nisa da bakin teku. Su takwas ne wurin iyayensu, ita ce ta biyu. Gidansu ba na masu hali ba ne. Ubanta yana aikin shara da goge-goge a kamfanin jirgin ƙasa, uwarta kuwa tana da ɗan gidan sayar da abinci.

Iyayen Flo duka biyu dogaye ne, amma ita ta fi su. Tun tana ƙarama ta kere wa tsararrakinta. In an jera ƴan aji, kanta ake fara hangowa can sama, kamar goruba a tsakiyar gonar gero. Tana shekara goma sha biyu ta wuce mita 1 da santimita 80, ta fi yawancin manyan maza tsawo. Da ta gama girma, tsawonta ya kai mita 1 da santimita 96. Wanda ke son ya gane wannan tsawo, sai ya ɗauki ma'aunin aji ya auna a jikin bango, ya sa alama da alli, sa'an nan ya tsaya ƙarƙashin alamar ya ɗaga kai.

Da farko tsawon nan bai yi mata daɗi ba. Yara suna tsokanarta. Har sun laƙaba mata sunan wani ƙato da ake zana hotonsa a jikin gwangwanin abinci a ƙasarsu. Kunya ta riƙa kama ta cikin mutane. Halin yara ke nan ko'ina: wanda ya fita daban, ko don tsawo, ko don gajarta, ko don i'ina, shi ake sa wa ido. Amma mutanen gidansu ba su bar ta haka ba. Suka yi ta nuna mata tsawo kyauta ce, ta miƙe ta yi aiki da shi. Sannu a hankali ta ji maganarsu.

A bakin tekun Kalifoniya akwai rairayi mai yawa, mai laushi. Nan matasa ke kafa raga suna buga ƙwallo, mutum biyu nan, mutum biyu can. Flo ta fara wasa a wurin tare da wata ƴar'uwarta. Gudu da tsalle cikin rairayi aiki ne ja. Duk wanda ya taɓa ƙetare Gulbin Kaba da ƙafa da rani ya san yadda rairayi ke cin ƙarfin mutum.

Yadda ake wasan

Wani malamin motsa jiki mai suna William Morgan ne ya ƙago ƙwallon raga, a garin Holyoke na Amurka, a shekarar 1895. Filin wasan yana da tsawon mita 18 da faɗin mita 9. Ana raba shi biyu da raga, wadda ake ɗaure wa sanduna biyu. Ragar mata tana da tsayin mita 2 da santimita 24 daga ƙasa, ta maza kuwa mita 2 da santimita 43. Kowane gefe mutum shida ne.

Ba a cafke ƙwallo, ba a riƙe shi, bugunsa ake yi. Kowane gefe sau uku kaɗai yake da damar taɓa shi kafin ya mai da shi ƙetaren raga. Ta fari ta tare shi don kada ya taɓa ƙasa. Ta biyu ta ɗaga shi sama da yatsu, kusa da raga. Ta uku ta sheƙo da gudu, ta yi tsalle, ta maka shi ƙasa cikin filin abokan karawa. Wannan ta ukun ita ce mai duka, kuma aikin Flo ke nan. Su kuma na ƙetaren ba tsayawa suke yi suna kallo ba. Biyu ko uku sukan yi tsalle tare, su miƙa hannuwa bisa raga, su yi wa ƙwallo katanga.

Turmi-turmi ake wasan, kamar dambe. Gefen da ya ci turmi uku shi ya ci wasa. A zamanin Flo maki 15 ne turmi guda, kuma dole a ba abokan karawa ratar maki biyu. Ban da haka, sai gefen da ya yi bugun farko ne ke iya samun maki, shi ya sa wasa kan daɗe ƙwarai. Daga baya aka sake dokar, aka mai da turmi maki 25, kuma duk sanda ƙwallo ya faɗi sai wani gefe ya sami maki.

Daga makaranta zuwa ƙungiyar ƙasa

Flo ta gama makarantar sakandare ta Morningside, a Ingilwud, a shekarar 1972. A wannan shekara ce Amurka ta yi wata doka wadda ta sake rayuwar ƴan mata da yawa. Dokar ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon fifita maza a kan mata, ko a aji ko a filin wasa. Kafin nan, jami'o'in ƙasar sukan ɗauki nauyin karatun samari gwanayen wasa, amma da wuya su yi wa budurwa haka.

Ta yi shekara guda a wata kwaleji kusa da gida, sa'an nan ta tafi jami'ar Hustan a jihar Teksas. Ita ce mace ta farko da jami'ar nan ta ɗauki nauyin karatunta saboda wasa. Ta karanta lissafi da ilmin motsa jiki. A shekarar 1977 aka ba ta lambar wadda ta fi kowa iya ƙwallon raga cikin ɗalibai mata na jami'o'in Amurka duka.

Ba ta ƙare karatun ba. Saura shekara guda ta ajiye, ta ba da ƙarfinta duka ga ƙungiyar ƙasa. A ganinta, mutum yana iya komawa aji ko da furfura, amma tsalle na ƙuruciya ne, in ya wuce ya wuce. Kada dai a manta, lokacin da ta yanke wannan shawara ta riga ta yi shekara fiye da goma sha biyar tana zuwa makaranta.

Tun a shekarar 1974 aka ɗauke ta cikin ƙungiyar matan Amurka, wato shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki a Nijar. A lokacin nan ƙungiyar ba ta da wani ƙarfi. Matan Japan da na Tarayyar Sobiyet su ne ke riƙe da wasan a duniya. Matan Amurka ko gurbin zuwa wasannin Olamfik na 1976, a birnin Mantiriyal na Kanada, ba su samu ba.

A shekarar 1975 aka ba wani mutum mai suna Arie Selinger aikin horar da su. A ƙasar Folan aka haife shi. Bayahude ne, yana yaro aka tsare shi a sansanin Bergen-Belsen lokacin yaƙin duniya na biyu, ya tsira, ya girma a Isra'ila. Mutum ne mai tsanani. Ya ga cewa ba za a kai ga Japan ba in sai gasa ta matso ake tara ƴan wasa. Sai ya tara su wuri guda, suna zaune tare shekara da shekaru, da farko a Teksas, daga baya a Kolorado, daga nan kuma Kalifoniya. Kwana shida a mako suna horo, awa shida zuwa takwas a yini. Ba wani albashin kirki. Wasu sun bar karatu, wasu sun bar aiki, dukansu sun yi nisa da gida.

Mutum zai zaci doguwa kamar Flo ba ta da abin koyo, tun da hannunta ya riga ya wuce raga. Ba haka ba ne. A ƙwallon raga kowa yana zagayawa. Wadda ke gaba kusa da raga, in an jima za ta koma baya, ta zama mai tare dukan wasu. Can baya kuwa sai an durƙusa, sai an yi sufa an faɗi da ƙirji a kan daɓen katako don a ceci ƙwallo kafin ya taɓa ƙasa. Faɗuwar dogo kuwa ba irin ta gajere ba ce, nesa yake fitowa. Nan Flo ta sha wuya. Ita da kanta ta sha ba da labarin yadda ta koya wa ranta jure zafin faɗuwa, har ta gane cewa buguwa daban, karaya daban. Ta yi ta faɗuwa tana tashi har ta iya.

Cikin ƙungiyar akwai wata mai suna Debbie Green, gajeruwa, tsawonta bai fi mita 1 da santimita 63 ba. In sun tsaya tare, Flo ta fi ta da fiye da taƙi guda. Amma Debbie ce mai ɗagawa. Ita ke ajiye wa Flo ƙwallo a sama daidai inda hannunta zai same shi. In ɗagawa ta ɓaci, duka ya ɓaci, komai tsawon mai dukan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƴan kallo sun fi yi wa mai duka tafi, amma masana wasan sun san rabin tafin na mai ɗagawa ne.

Aikin ya fara nuna kansa. A gasar duniya ta 1978, wadda aka yi a Tarayyar Sobiyet, matan Amurka suka zo na biyar. Bayan haka suka sami gurbin zuwa wasannin Olamfik na 1980 a birnin Mosko.

Shekarar da ba a je ba

A watan Disamba na 1979 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar Afganistan. Shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ya ce in ba su fita ba ƴan wasan Amurka ba za su je Mosko ba. Sojojin ba su fita ba. Amurka ta ƙaurace wa wasannin, ƙasashe da dama suka bi ta. Nijar ma ba ta je ba.

Shekara huɗu-huɗu ake yin wasannin Olamfik. Ga matan nan, abin ya zama kamar manomin da ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, gero ya fid da kai ya nuna, ana gobe girbi fara ta sauka. Shekara biyar suna faɗuwa a kan katako saboda kwanakin nan na Mosko. Ba su suka kai sojoji Afganistan ba, ba su kuma da ikon fid da su. Da yawa cikinsu suka bar wasan, suka koma gida.

Flo tana da shekara 26. In ta tsaya, sai ta ƙara wasu shekaru huɗu na horo, kuma ranar da za a yi wasannin gaba tana da shekara 30, lokacin da gwiwoyin ƴan wasa da yawa sun riga sun gaji. Ta tsaya. Debbie Green ma ta tsaya, da wata gwanar tsalle mai suna Rita Crockett, da wasu kaɗan. Aka kawo sababbin ƴan mata, aka sake ɗaura ɗamara.

Shekarun nan huɗu su ne Flo ta fi haske. A gasar cin kofin duniya ta 1981, a Japan, Amurka ta zo ta huɗu, amma Flo aka zaɓa wadda ta fi kowa iya duka, aka kuma sa ta cikin ƴan wasa shida da suka fi fice. A gasar duniya ta 1982, a ƙasar Peru, suka zo na uku. A 1983, a wasannin ƙasashen nahiyar Amurka, suka zo na biyu bayan Kuba. An ƙiyasta saurin ƙwallon da ta maka ya kai kusan kilomita 180 a awa. Motar da ke irin wannan gudu, in ta tashi daga Tasawa, ba za ta cika awa guda ba ta shiga Maraɗi. To, wannan ƙwallo ne wata ke tsayawa ƴan mitoci kaɗan a gabansa don ta tare da hannuwanta.

Amma a shekarun nan wata ƙungiya ta taso wadda ta fi kowa, wato ta matan ƙasar Sin. Su suka ci kofin 1981, su suka ci gasar 1982. Mai dukansu sunanta Lang Ping, mutanen ƙasarta suna yi mata kirari da gudumar ƙarfe. Masu son wasan suka yi ta gardama a kan wadda ta fi tsakaninta da Flo.

Los Anjelas, 1984

Shekarar 1984 shekarar fari ce a Nijar. Damina ta ƙi, hatsi bai yi ba, dabbobi suka mutu, mutane da yawa suka bar garuruwansu. Tsofaffi a ƙasar Mayahi da Tasawa ba su manta da ita ba. A daminar nan ce aka yi wasannin Olamfik a Los Anjelas, wato a ƙofar gidan su Flo. Wannan karo Tarayyar Sobiyet ce ta rama, ta ƙi zuwa, Kuba ma ta bi ta.

Flo ta cika shekara 30 ana cikin wasannin. Ita ce babba cikin ƙungiyar, ita ce kuma mafi tsawo. A zagayen farko Amurka ta gamu da Sin, ta cinye ta turmi uku da ɗaya. Jama'a suka yi ta murna, suna ganin lambar zinariya ta zo hannu. A wasan kusa da na ƙarshe Amurka ta ka da Peru, Sin kuma ta ka da Japan. Sai ga su sun sake haɗuwa.

Ran 7 ga watan Agusta aka yi wasan ƙarshe, a garin Long Bic. Turmin farko ya yi zafi. Aka yi ta ja-in-ja har aka kai 14 da 14, sa'an nan Sin ta ci maki biyu a jere, ta ɗauki turmin 16 da 14. Daga nan gwiwar matan Amurka ta yi sanyi. Turmi na biyu ya tafi 15 da 3, na uku 15 da 9. Sin ta ɗauki zinariya, Amurka azurfa, Japan tagulla.

Shekara goma Flo tana neman zinariya, azurfa ta samu. Amma kada a raina lambar. Kafin ranar nan matan Amurka ba su taɓa samun lambar Olamfik ko wace iri ba a ƙwallon raga, kuma sai a wasannin Tokiyo, waɗanda aka yi a 2021, suka kai ga zinariya. Lambar Olamfik ba abin tsinta ba ce. Daga 1964 zuwa 2024, guda biyu Nijar ta samu: tagulla ta Isaka Dabore a damben zamani, a birnin Miyunik a 1972, da azurfa ta Abdul Razak Isufu Alfaga a wasan tekwando, a birnin Riyo a 2016. Abin mamaki kuma, Lang Ping ɗin nan da ta hana Flo zinariya, ita ce daga baya ta horar da matan Amurka har suka sami azurfa a birnin Bejin a 2008.

Bayan wasannin, sunan Flo ya kai ko'ina a ƙasarta, ta kuwa yi aiki da shi. A shekarar 1984 babbar kotun Amurka ta yanke wani hukunci da ya rage ƙarfin dokar nan ta 1972. Flo ta san abin da dokar ta yi mata, ita ƴar mai shara da ta shiga jami'a. Ta tafi birnin Washintan, ta yi magana gaban ƴan majalisar dokoki, ta haɗa kai da wasu manyan mata, cikinsu har da Coretta Scott King, matar marigayi Martin Luther King, suna neman a mayar wa dokar da ƙarfinta.

A Japan

A Amurka ta lokacin nan mace ba ta iya ci da sha da ƙwallon raga. A Japan kuwa ana iyawa. Tun 1964, da matansu suka ci zinariya a Tokiyo, Japanawa ke son wasan kamar yadda ake son kokawa a Nijar. Manyan kamfanoni suna da ƙungiyoyinsu, suna biyan ƴan wasa, ana nuna gasar a talabijin. Flo ta yi wa ƙungiyar Daiei wasa, ta wani kamfani mai manyan kantuna, ita da Rita Crockett. Nan wasa ya zama mata sana'a sosai. Japanawa suka ƙaunace ta, duk inda ta bi ana gane ta. Niyyarta ta koma gida Amurka a cikin 1986.

Ran Juma'a, 24 ga watan Janairu, 1986, ƙungiyar Daiei ta je garin Matsue, a yammacin Japan, don karawa da ƙungiyar Hitachi, wadda ta yi shekaru tana riƙe da gasar ƙasar. A turmi na uku aka fid da Flo don ta huta, kamar yadda aka saba. Ta zauna a kan benci tana ƙarfafa wa abokan wasanta gwiwa. Can sai ta sulale ta faɗi ƙasa. Aka ɗauke ta zuwa asibiti, amma a daren nan ta rasu. Shekararta 31.

Da farko aka ce ciwon zuciya ne. Danginta ba su gamsu ba. Yaya za a yi mace mai irin wannan ƙarfi, wadda ta yi shekaru tana horo ba ta taɓa kasawa ba, zuciyarta ta tsaya haka kawai? Da aka kawo gawar Kalifoniya, suka nemi likitoci su bincika. Likitoci suka tarar zuciyarta lafiya lau take. Abin da ya kashe ta wata cuta ce da aka haife ta da ita, ba wanda ya taɓa ganewa. Sunan cutar Marfan.

An sa mata sunan wani likitan yara ne na ƙasar Faransa, Antoine Marfan, wanda ya fara bayyana ta a shekarar 1896, bayan ya duba wata yarinya ƴar shekara biyar mai dogayen gaɓoɓi da dogayen yatsu. Ga yadda take. A jikin mutum akwai wasu zaruruwa ƙanana, ido ba ya ganinsu, su ke riƙe ƙashi da tsoka da jijiya da ido, kamar yadda igiyar kaba ke riƙe rumbu. Mai cutar Marfan, zaruruwan nan nasa ba su da ƙwari. Sau da yawa yakan yi tsawo ƙwarai, hannuwansa da yatsunsa su yi tsawo, ba ya gani nesa sosai, wani ƙashin bayansa ya karkace, wani ƙirjinsa ya loɓa ko ya turo.

Inda haɗarin yake shi ne babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta kai wa sauran jiki. Kaurinta ya kusa na tiyon ban ruwa. Duk bugun zuciya, jini yana tura bangonta da ƙarfi. In bangon ba shi da ƙwari, sai ya yi ta buɗewa yana yin siriri, kamar salkar da fatarta ta cinye a wuri guda. Salkar tana ɗaukar ruwa yau da gobe, ba wanda ya lura, ran nan sai ta yage. Haka ta faru ga Flo. Wurin da ya yage bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba. Likitoci sun kuma ga gudan jini a wurin wanda ya kai mako uku, alamar jijiyar ta fara tsagewa tun kafin ranar, ta soma warkewa, Flo tana ta wasa ba ta sani ba.

Ban da tsawo, da dogayen hannuwa, da rashin gani nesa, Flo ba ta da wata alama a fili. Tsawon da aka tsokane ta a kansa tana yarinya, wanda kuma ya kai ta Olamfik, yana cikin alamun cutar, amma ba wanda ya kawo haka a ransa. Ba kuwa kowane dogo ne ke da ita ba. Dogaye nawa ne a kasuwar Mayahi, lafiyarsu lau har tsufa? Cutar ba ta da yawa, wajen mutum ɗaya cikin 5000 take kamawa. Ba a ɗaukarta wurin wani kamar ƙyanda ko tari. Gadonta ake yi. In uwa ko uba yana da ita, kowane ɗa da suka haifa yana iya gada, yana iya tsira, rabi da rabi. Wani lokaci kuma takan fara a kan yaro ba tare da iyayensa suna da ita ba. A shekarar 1991 masana suka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta. In an gane ta da wuri, likita yana duba faɗin jijiyar da na'urar hoton zuciya, ya ba da maganin da ke rage ƙarfin bugun jini, ya hana wasa mai tsanani, in jijiyar ta buɗe da yawa a yi aiki a sake wurin.

An binne Flo a garinsu Ingilwud, ran 31 ga watan Janairu, 1986. Ɗaruruwan mutane suka raka ta. A watan Fabrairu na 1987 Amurka ta keɓe rana guda ta ƴan mata da mata masu wasanni, don tunawa da ita. A wannan shekara aka fara ba da wata lamba mai sunanta, wadda Martina Navratilova, gwanar wasan tanis, ta fara karɓa, aka ci gaba da bayarwa har 2004. A 1988 majalisa ta mayar wa dokar makarantu da ƙarfinta, abin da Flo ta je Washintan nema. A 1988 ɗin kuma aka rubuta sunanta cikin manyan gwanayen ƙwallon raga na duniya, a gidan tarihin wasan da ke Holyoke, garin da aka ƙago shi.

Labarin mutuwarta ya sa mutane da yawa suka ji sunan Marfan karo na farko, likitocin ƴan wasa kuma suka ƙara sa ido a kan dogayen yara. A gidansu ma, da aka gane cutar ta gado ce, likitoci suka ce a kawo ƴan'uwanta a duba su. Aka duba. Sai aka tarar babbar jijiyar wani ɗan'uwanta namiji ta riga ta buɗe, shi ma bai sani ba. Aka yi masa aikin zuciya tun jijiyar ba ta yage ba.